Awartaki a Gefen Murhun Baba

Babu riga mai maɓalli ko ɗaya a kan igiyar shanya. Na lura da haka ne ina wucewa da jakata daga ƙofar lambu zuwa ƙofar kicin, ran Juma'a da yamma. Rigunan sanyi ne guda huɗu, irin waɗanda ake zurawa ta ka, da wando biyu masu roba a ƙugu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ba riga mai maɓalli a jikinsa ba, ko itace zai faskara sai ya saka maɓallin har wuya. Ban tsaya tunani a kai ba, na shige ciki.

Daga birnin Jena, inda nake aiki, na zo, saboda gashin farko na shekara. A ƙauyenmu, da zarar ƙanƙara ta narke a kan tsaunuka, kowane gida sai ya zaɓi wata Asabar ya fito da murhun gashinsa ya gasa sosej, wato niƙaƙƙen nama ɗure a hanji, ko da mutane za su ci suna rawar sanyi. Sai dai na bana ba na cin sosej ba ne kawai. Tun da Baba ya faɗi a matakalar ƙofa cikin watan Janairu, yayana Silvio ya samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a Erfurt, kusa da inda yake zaune da matarsa. Masu gidan sun ce idan ba a ba su amsa ba zuwa Litinin, za su ba wani. Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa daga gidan nan. Suka yi ta ja-in-ja a waya har Silvio ya gaji, ya ce to, zai zo gashin farko ya gani da idonsa. Idan Baba na iya riƙe kansa da gidansa, magana ta mutu. Idan kuwa ba ya iyawa, kada ya ƙara yin musu. Baba ya yarda. Ni kuma aka kira ni a matsayin shaida, ko da yake babu wanda ya furta haka.

Na sami Baba a kicin yana goge tagogi. Shekara uku ke nan da rasuwar Mama, amma ban taɓa ganin gidan yana ƙyalli kamar ranar ba. Ya jera magungunansa a kan kanta, kowace rana da gidanta, inda duk wanda ya shigo zai gani. Ya ce in zauna, zai haɗa mana shayi, ya tambaye ni labarin busassun ganyayena. Haka yake kiran aikina. A ɗakin ajiyar tsirrai na jami'a nake aiki, ina manna ganye a takarda ina rubuta sunansa, kuma aikin ya yi daidai da ni, don yini guda zan iya yi ban yi magana da kowa ba.

Yana zuba ruwa a buta yana ba ni labarin maƙwabta, sai na ga tafasasshen ruwan yana bin gefen butar yana sauka a kan yatsunsa na hagu. Bai janye hannun ba. Bai ma dubi wurin ba, ya ci gaba da labarin wanda ya sayar da gonarsa. Sai da ya ga inda idona ya tsaya, sannan ya duba, ya ajiye butar a hankali, ya sa hannun a ƙarƙashin famfo.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kafin Kirsimeti. Likita ta ce jijiyoyi ne, sugan da yake fama da shi ne ya cinye su, kuma ba sa dawowa. Yatsun suna motsi, suna riƙe abu, amma ba sa jin komai, kamar ya sa safar hannun wani. Ranar da ya faɗi ma, a zatonsa ya kama ƙarfen matakalar, ashe bai kama ba. Silvio ya san ya faɗi, amma ya ɗauka santsin ƙanƙara ne.

"Ba ki ga komai ba, Auta."

"Na gani, Baba."

"To ki gani ke kaɗai. Zuwa Litinin kawai."

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki butar na ƙarasa zuba ruwan. Abin da ke raina shi ne gobe.

A wajenmu ba a juya sosej da komai sai da yatsu. Mai gashi yakan ajiye kwanon ruwan sanyi a gefensa, ya tsoma yatsu uku, ya mirgina sosej ɗin a kan wayar gashi da sauri, ya sake tsomawa. Fatar yatsa ce ke gaya masa ko wutar ta yi yawa, ko naman ya ɗaure, ko saura kaɗan hanjin ya fashe. Cokali mai yatsu haramun ne, don yana huda fatar, romon ya tsiyaye. Awartaki kuwa, ko na katako ne, Baba ya ce na masu tsoron abincinsu ne. Shekara arba'in yana tsaye a bakin murhun nan da ya ƙera da hannunsa daga tsohuwar ganga, ba ya zama sai kowa ya ƙoshi, kuma a duk bikin ƙauye shi ake kira. Ina ƙarama nakan tsaya kusa da shi in yi ta kallon yatsun suna rawa a cikin hayaƙi, ina mamakin yadda ba ya ƙonewa. Ya ce mini yana ƙonewa mana, kaɗan-kaɗan, zafin ne ke koya masa ya yi sauri.

Da safe na hau keken Mama na tafi wurin mahauci a ƙauyen da ke gaba. Na karɓo sosej ashirin da Baba ya sa a ajiye masa, ɗanyu, naman alade da aka niƙa da asubar nan aka ɗura a hanji, har yanzu da taushinsu. Na biya na sayi ƙananan burodi. A hanyar dawowa na tsaya a shagon kayan gida, na daɗe ina zagaye kafin na ɗauki awartakin katako mai tsawo, na biya na fito ina jin kamar na yi sata. A lissafina, matsalar wuta ce da yatsa, idan aka raba su an gama. Na yi ta jin daɗin dabarata har gida.

Na tarar Baba ya hura gawayi, yana goga fatar kitse a kan wayar. Na fara ce masa ko zai bar ni in gasa bana, ya zauna ya huta. Ya ce idan Silvio ya shigo ya gan ni a tsaye a nan shi yana zaune, ba sai ya cire takalmi ba, sai ya juya ya je ya sa hannu a takardar gidan tsofaffin. Sai na zaro awartakin daga jaka na ajiye a kan ɗan teburin, kusa da kwanon ruwa. Ya daɗe yana kallonsa. Na zaci zai jefa shi a wuta. Ya ɗauka, ya matsa shi sau biyu a iska, ya ce idan an tambaya, kyauta ce na kawo masa, kuma ba ya son ya ɓata mini rai.

Silvio da matarsa Doreen suka iso wajen sha biyu. Yayana ya girme ni da shekara goma sha huɗu, injiniya ne, kuma yana duba gida yadda yake duba gada. Ya rungume Baba, ya ce zai shiga banɗaki, amma na ji shi yana buɗe firji, yana hawa sama, yana murɗa kan murhun kicin ya ga ko a kashe yake. Ni ina yanka albasa a kwaɗon dankali ya zo ya tsaya a bayana, ya saci yanka ɗaya na kokwamba. Ya ce tsohon ya ba shi mamaki. Gida fes, magani a jere, itace a faskare har na baɗi. Ya ce shi ba mugu ba ne, in daina yi masa wannan kallon, shi dai ba ya son wata rana a kira shi a ce an tsinci gawar mahaifinsa bayan kwana uku. Amma idan haka abin yake, wataƙila a ƙara masa shekara guda a gani. Ya tambaye ni ko na lura da wani abu jiya.

"Shayi muka sha," na ce.

Ya yi dariya ya ce da ma wa zai tambaye ni labari. Muka kwashi kwanuka muka fita.

Rana ta ɗan leƙo, amma iskar tana da sanyi. Doreen ta shimfiɗa bargo a cinyarta, ta jera mastad, abin shafawar nan mai yaji, da burodi da kabeji mai tsami. Baba ya ɗora sosej takwas na farko, suka fara kuka a kan wayar, ƙamshin kitse da tafarnuwa ya cika lambun. Ya juya mana baya, ya rufe murhun da jikinsa, kuma na minti biyu ko uku na ɗauka mun tsira.

Sai ga Siegmar. Maƙwabcinmu ne, tare suka yi makaranta da Baba, tare suka yi aiki a masana'antar gilashi har aka rufe ta, kuma ta tsakanin shinge yake shigowa duk gashin farko, da kwalaben giya biyu, don sosej na farko nasa ne. Ya zagayo gaban murhun, ya tsaya, ya tura hularsa baya, ya kira Baba da sunansa.

"Volkmar, wa ya mutu ya bar maka gadon wannan?"

Baba ya ce kyautar Auta ce, ka san 'yan jami'a.

"Kyauta. To saura murhun gas. Daga nan sai ka sa safar roba, ka zuba musu miyar tumatir ta kwalba. Ka faɗa mini da wuri in sayar da gidana, kafin a ce ni maƙwabcinka ne."

Doreen ta yi dariya. Silvio ma ya yi, har da buga tebur. Siegmar da ya ga ya samu masu sauraro sai ya ƙara, ya ce shi dai ya tuna wani yaro da ya taɓa kawo wa ubansa irin wannan kyautar ranar cikarsa shekara sittin, na ƙarfe mai tsada, uban ya kafa shi a lambu ya ɗaure tumatir a jikinsa. Ya nuna Silvio da kwalba, ya ce ko ba kai ba ne.

Ina kallon fuskar yayana lokacin da dariyar ta bar ta. Ba ta tafi gaba ɗaya ba, a hankali ta janye, bakin na murmushi idon ya daina. Ya dubi awartakin, ya dubi hannun Baba, ya dube ni. Nan na gane abin da na yi. Duk wanda ya san Baba ya san babu kyautar da za ta sa shi riƙe wannan abin. Na so in ɓoye yatsun ne, sai ga shi na rataya musu ƙararrawa.

Baba ma ya ga kallon. Ya matse wani sosej da awartakin, kuma da yake bai san ƙarfin da ya sa ba, hanjin ya fashe, kitse ya zuba a garwashi, wuta ta tashi. Siegmar ya ce ka gani, ko naman ma ya ƙi yarda. Baba ya yayyafa giya a kan wutar ta kwanta. Daga nan ya ajiye awartakin a ƙasa, ya jingina shi da ƙafar murhu, ya naɗe hannun rigarsa.

"Na gwada don yarinya, ya isa haka."

Ya tsoma yatsu a kwanon ruwa.

Na so in tashi. Na ma ɗora hannu a kan tebur zan miƙe, amma me zan ce, a gaban wa? Sai na zauna ina kallo. Kuma ya yi kyau, wannan ne abin da har yanzu yake ci mini rai. Hannun ya tuna aikinsa ko da fatar ta manta. Ya tsoma, ya mirgina, ya tsoma, ya mirgina, layi guda ya juye cikin ƙiftawar ido, duk sun yi ja iri ɗaya. Da ido yake yi, yana ƙirgawa a ransa, na ga leɓensa na motsi. Ya tsaga burodi ya sa na farko ya miƙa wa Siegmar, sosej ɗin ya leƙo ta gefe biyu yadda ya kamata. Ya ba Doreen, ya ba ni. Kafaɗun Silvio suka fara saukowa. Ya ɗora layi na biyu.

Doreen ce ta tambayi Baba, da zuciya ɗaya, wane itace ne gawayin, don nasu na gari ba ya ƙamshi haka. Baba ba ya iya amsa irin wannan tambayar a taƙaice. Ya juyo gare ta, ya fara bayanin mutumin da ke ƙona masa gawayi a bayan tsauni, da yadda ake gane mai kyau daga ƙarar da yake yi. Yana magana ya dafa hannun dama a baya, kamar yadda mutum ke dafa bango, sai dai a kan wayar ya dafa.

Ni na fara gani. Na ci gaba da kallo daga inda nake zaune. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila numfashi uku ne. Yana ta bayani, yana ɗaga ɗayan hannun, wani siririn hayaƙi na tashi daga bayansa. Sai wani wari ya shigo cikin ƙamshin, wanda ba na sosej ba.

Silvio ne ya tsallake benci ya fizge shi. Layuka uku farare sun kwanta a kan yatsun da tafin hannun, gefensu ya yi baƙi. Baba ya dube su kamar hannun wani aka nuna masa. Babu wanda ya yi ihu. Siegmar ya ajiye burodinsa a kan shinge.

Doreen ta ja Baba kicin, ta riƙe hannun a ƙarƙashin famfo, ta ce lallai a kai shi asibiti. Ya ce ba inda za shi sai an ci abinci, nama ba ya jira. Ta naɗe masa da bandeji. Silvio ya tare ni a ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun jiya. Ya ce shi ne na saya masa awartaki maimakon in buɗe baki in yi magana. Ya ce da a ce tukunyar mai ce, da a ce murhun ɗaki ne cikin sanyi ba kowa a gidan fa? Gaskiya ya faɗa.

Muka koma lambu. Layi na biyu ya ƙone ta gefe ɗaya. Silvio ya kwashe su, ya ɗora sauran, ya tsoma yatsunsa a kwanon ya fara juyawa. Bai iya ba sosai, kowane juyi sai ya yarfa hannu ya ja iska ta haƙori. Baba ya zauna a bakin tebur, abin da ban taɓa gani ba ana gashi. Ya ɗora farin hannun a cinya yana kallon ɗansa na ƙonewa. Sau ɗaya ya ce masa na gefen hagu ya yi, sauke shi.

Muka ci. Sosej ɗin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Fatar na fashewa a haƙori, romon na bin burodi, mastad ɗin na hawa hanci. Kwaɗon dankalin ya yi irin na Mama. Na ci biyu ina jin kunyar yunwata. Siegmar ya ce a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, shi wasa yake yi, ai Volkmar ya san bakinsa. Baba ya ce ci abincinka, tsohon banza, ka biya da giya. Ya yi ƙoƙarin tsaga burodi da hannu ɗaya, Doreen ta miƙa hannu za ta taimaka, ya kawar da farantin.

Silvio ya rufe murhun ya zo ya zauna. Ya daɗe yana juya kwalba a tsakanin tafukansa. Ya ce ba ya son ya yi wannan maganar a kan abinci, amma an yi alkawari, kuma kowa ya gani. Mutumin da ba ya jin wuta ba ya zama shi kaɗai a gidan da ake ɗumama shi da itace. Baba bai musa ba. Silvio ya ce hanya ɗaya ce ta rage, idan akwai wani a gidan kullum, ba mai leƙowa ran Asabar ba. Shi ba zai iya ba, ga aiki ga yara a makaranta. Ya juyo gare ni.

"Marlen, za ki dawo?"

Bai yi tambayar da mugunta ba. Na san akwai bas da ke zuwa tasha sau huɗu a rana, na san jirgin ƙasa zuwa Jena awa ɗaya da rabi ne, na san ɗakina na sama na nan yadda na bar shi. Na kuma tuna takardar aikin shekara uku da na sa wa hannu makon jiya, da ɗan ɗakina mai taga ɗaya inda ba wanda ke jiran in yi magana. Ina neman yadda zan jera su duka a jimla ɗaya wadda ba za ta cuci kowa ba. Na kafa ido a kan ɗigon mastad a bakin farantina. Ina jin Baba na kallona. Na ce a raina bari in haɗiye abin da ke bakina tukun, alhali babu komai a bakin.

Wani tsuntsu ya sauka a kan shinge ya fara tsattsagar burodin Siegmar. Doreen ta gyara bargonta.

"To," in ji Silvio. "Ran Litinin zan kira gidan tsofaffin, in ce mun karɓi ɗakin."

Baba ya goge bakinsa. Ya miƙe, ya kai hannun hagu baya yana lalubar igiyar ƙyallen da ya ɗaura a gaba don gashi, ya daɗe kafin ƙullin ya kwance, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin taimaka masa. Ya ninke shi biyu ya rataya a bayan kujera, ya tura kujerar ƙarƙashin tebur. Ya bi ta gefen murhun bai dube shi ba, ya wuce bishiyar tuffa, ya ture ƙaramar ƙofar baya da kafaɗa. Muna zaune muna ganin hularsa ta saman shinge, tana bin hanyar da ta hau daji, har kwana ta ɓoye ta.